Kafin Ka Zuba Kuɗinka A Kwamfutar Tebur: Yadda Ake Zaɓen Kayan Haɗi

 Yau maganar kwamfutar tebur za mu yi, wato wadda mutum zai sayi kayanta ɗaya bayan ɗaya a haɗa masa, ko ya haɗa da hannunsa. Tambayoyin sun yi yawa, musamman daga ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan garin Wudil, masu karatun zanen gine-gine da injiniyanci, sai kuma matasa masu son buɗe shagon buga takardu ko tace bidiyon biki. Kusan kowa tambayarsa ɗaya ce: nawa zan tanada, kuma me zan saya?

Abin da ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci shi ne, kuɗin nan ba na wasa ba ne. Wani adashe ya kwasa, wani ragonsa ya kai Kara ranar Juma'a ya sayar, wata kuma mahaifiyarta ce ta tara mata. Kuma duk kayan kwamfuta daga waje ake shigo da su. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura naira 1,500. Kun ga kuskure ɗaya a wajen saye yana iya cinye jarin mutum gaba ɗaya.

To, daga ina ake farawa? Daga aikin da za ka yi da ita. Kafin ka hau motar Kano, zauna ka rubuta manhajojin da za ka riƙa buɗewa kullum. Mai shagon buga takardu da rajistar ɗalibai, Word da Excel da CorelDRAW ne abokan aikinsa, ba ya buƙatar katin hoto mai tsada. Mai Revit ko zane mai fuska uku, da mai tace bidiyo da Premiere Pro ko DaVinci Resolve, su kam sai da katin. Mai koyon rubuta manhaja ya fi buƙatar RAM da ma'ajiya mai sauri. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abu na biyu, wanda masu bidiyon Turai da Amurka ba sa damuwa da shi don ba matsalarsu ba ce: wuta. Ita za ka lissafa tun kafin ka zaɓi furosesa. Bari in ba ku misali. Kwamfuta mai furosesa Ryzen 5 5600 da katin hoto RTX 3060, katin shi kaɗai yana jan wat 170. Idan ka haɗa furosesa da allon kallo da sauran kaya, za ka kai wat 300 ko sama in aiki ya yi nauyi. Wadda ba ta da katin hoto daban kuwa, wajen wat 120 ya ishe ta har da allon. Yanzu ɗauki batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200. A lissafi yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda, amma in irin na dalma ne, rabi ake so ka sha don ya yi ƙarko, wato 1,200. Kenan ta farkon ba za ta cika awa 4 ba, ta biyun kuwa za ta kai ka wajen awa 9. Kun ga bambancin? Ga mai shagon da ke dogara da sola, wannan shi ne bambancin rufe shago da azahar da kaiwa magariba.

Yawwa, sai mu zo kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. A kasuwa za ka ji ana ta cewa "i7 ce, i7 ce". Sunan i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai, sai ka san zubi na nawa ce. Lambar da ke bayan sunan ce ke nunawa: i7-3770 zubi na uku ce, ta 2012, i5-12400 kuma zubi na 12 ce, ta 2022. Wallahi i3 ta zubi na 12 ta fi waccan i7 ɗin gudu nesa ba kusa ba. Akwai kuma wani dalilin. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance tana karɓar Intel ne daga zubi na 8 zuwa sama, AMD kuma daga Ryzen 2000. Don haka in za ka sayi ta hannu, kada ka sauka ƙasa da nan.

Ku kuma kula da harafin ƙarshe. A Intel, in ka ga F, kamar i5-12400F, to babu sashen hoto a cikinta, in ba ka sa katin hoto ba allonka baƙi zai tsaya. A jerin Ryzen 5000 kuwa, mai harafin G, kamar 5600G, ita ce mai sashen hoto a ciki, 5600 zalla ba ta da shi. Ga mai ƙaramin jari, 5600G hanya ce mai kyau: ka fara aiki da ita yau, in kasuwa ta buɗe ka ƙara kati daga baya.

Daga nan sai madabod, babban allon da komai ke zama a kansa. Ƙa'idar a nan ita ce mazaunin furosesa, wato soket. Kowace furosesa da irin mazauninta. Ryzen daga 1000 zuwa 5000 suna zama a AM4, Ryzen 7000 zuwa sama suna AM5, wanda ya fito a 2022. Intel zubi na 10 da 11 suna LGA1200, zubi na 12 da 13 da 14 suna LGA1700. Ba a tilasta wata ta shiga gidan wata, in ka danna da ƙarfi ƙananan alluran ne za su lanƙwashe, kuɗi sun tafi kenan. Sannan tsohuwar madabod irin B450 tana iya ɗaukar Ryzen 5000, amma sai an sabunta mata BIOS. Ka tambayi mai shago ko an yi, ka ce ya kunna a gabanka.

RAM kuma, a yau 8GB ita ce ƙarshen ƙasa, 16GB ce daidai ga yawancinmu, mai bidiyo da manyan zane ya nemi 32GB. Gara ka sayi guda biyu masu 8GB a kan guda ɗaya mai 16GB, saboda biyun suna aiki tare ta hanya biyu, kuma furosesa irin 5600G tana amfana sosai da hakan. DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna. AM5 DDR5 kawai yake ɗauka, madabod ɗin LGA1700 kuwa akwai mai DDR4, akwai mai DDR5, sai ka karanta jikin kwali. Tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya tashi a duniya saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashewa, don haka kada ka yi mamakin abin da za a gaya maka.

Ma'ajiya fa? Windows da manhajoji a kan SSD za su zauna, wannan ba abin jayayya ba ne. Tsohon hadis mai faifai yana karanta wajen megabait 150 a daƙiƙa, SSD irin SATA yana kai 550, NVMe kuma yana kai 3,500 ko fiye. Ka nemi aƙalla 512GB. Hadis mai faifai yana da amfaninsa wajen ajiye bidiyon da aka gama. Kuma aikin mutane, ka ajiye shi wuri biyu. Ranar da bidiyon bikin wata ya ɓace a hannunka, ba kuɗi kaɗai ka rasa ba, har da suna, kuma garinmu kowa ya san kowa.

Katin hoto shi ne ya fi cin kuɗi, kuma a nan aka fi yin cinikin biri a sama. A watan Satumban 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da haƙa ta katin hoto, sai katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya a matsayin na hannu. Ba dukkansu ne marasa kyau ba, amma sai an gwada. Akwai kuma RX 580 mai lakabin 2048SP, wadda a gaskiya ƙarfinta na RX 570 ne. In za ka sayi na hannu, a ɗora masa aiki mai nauyi na minti 15 ko 20 a gabanka, ka duba zafinsa, ka saurari fankokinsa, ka ga ko hoto yana tsinkewa.

To ga inda nake roƙonku da babbar murya: fawa-saflai, akwatin da ke raba wa kowa wuta. Mutum zai kashe dukiya a furosesa da kati, in an zo nan sai ya ce a ba shi mafi araha. Araha ba ta ado. In ya ƙone, yana iya tafiya da madabod da kati lokaci guda. Ka nemi na kamfanin da aka sani, mai shaidar 80 Plus, wadda ke nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana zama aiki, saura ne ke zama zafi. Ga RTX 3060, kamfanin Nvidia wat 550 ya ba da shawara. Kuma wutarmu a Najeriya bolt 230 ce. Wasu tsofaffin da aka kawo daga Amurka suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. In yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi.

A cikin kasafinka ka sa sitabilaiza ko UPS tun farko. Ku lura, lambar VA da ke jikin UPS ba wat ba ce. Mai 650VA wajen wat 360 zuwa 390 yake ɗauka, ga kwamfuta mai babban kati ya yi kaɗan. Aikinsa ya ba ka 'yan mintuna ka adana aiki ka kashe cikin natsuwa.

Sai zafi da ƙura. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura ko'ina. Furosesa in ta kusa digiri 95 zuwa 100 da kanta take rage gudu don kada ta lalace. Don haka ka zaɓi akwati mai raga a gaba, fanka biyu na jawo iska, ɗaya na fitarwa a baya. Fitilu masu launi ba sa ƙara gudu ko kaɗan. Kada ka ajiye ta a ƙasa, ka ɗora a tebur, ka riƙa bushe ƙurar duk bayan wata biyu ko uku, ka fi yawaitawa da hunturu.

Wani zai ce, ni fa kuɗina ba su kai nan ba. Babu laifi. Kwamfutocin ofis na hannu irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk, masu Intel zubi na 8 zuwa sama, in ka ƙara musu RAM da SSD, sun isa shagon buga takardu da koyon manhaja, ga su da ƙarancin shan wuta. Sai dai ka sani, da yawansu fawa-saflai ɗinsu da mahaɗarsa na kamfanin ne kaɗai, kuma siraran cikinsu babban kati ba ya shiga. In kana da niyyar ƙara kati nan gaba, ka duba wannan tun yanzu.

Ranar saye, ko Titin Beirut ka nufa, ko Farm Centre, ko daga Computer Village ta Ikeja za a aiko maka, ka tafi da jerin kayanka a rubuce da cikakkiyar lambar kowanne. Ka zaga shago uku kafin ka biya. Ka sa manhajoji biyu na kyauta a filashi: CPU-Z za ta nuna maka ainihin furosesa da RAM, CrystalDiskInfo za ta nuna lafiyar ma'ajiya da awannin da ta yi tana aiki. Gani ya kori ji. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kowane kaya da kwanakin garanti a rubuce. In ba ka san kan abin ba, ka ɗauki wanda ya sani ka biya masa kuɗin mota, ya fi maka sauƙi a kan dawowa Kano da kaya a kwali kana neman a canza.

'Yan'uwa mata masu son shiga wannan harka, haɗa kwamfuta sukurdireba ɗaya yake buƙata da natsuwa, kuna iyawa kamar kowa. Duk mai jerin kayan da yake son saya, ya turo mana tare da aikin da zai yi da irin wutar da yake da ita, za mu duba wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.