Jawabi ga makiyaya: jimina da abin da kiyonta ke ci

Yau daga nan Yamai zancenmu ba na shanu ba ne, na jimina ne, mai jan wuya, irin ta ƙasarmu.

Tsofaffinku sun san lokacin da take kiyo kusa da raƙuma. Har wajen 1990 akwai ta da yawa cikin Abzin, amma a shekarun tawaye bindiga da mota suka gama da ita. Wanda ya rage sai na hannun mutane. Su ne aka tattara ake kiyo cikin shinge a Kelle, wajen Gure, jahar Damagaram, da Iferwan da Maine-Sorowa, tare da ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar Sahara Conservation.

To, kiyon nan akwai cin kuɗi. Ku lissafa da kanku: waya ta shinge, rijiya, abinci rani da damana, magani, albashin masu gadi. Kuma jimina sai ta kai shekara 3 ko 4 kafin a sa ran ƙwai mai kyau. Akuya da tuni ta ba ku jikoki.

Sai maganar ƙyanƙyasa, inda nan ne shawara ke rabuwa. Ƙwan jimina kwana 42 yake yi. In an bar ma iyaye, macen ta kwanta da rana, namijin da dare, ba a biya ko dala. Amma hankaka da dila na nan suna jira, ga zafin rana. In an ɗauke aka sa cikin injin ƙyanƙyasa, kamar mai aiki da hasken rana da aka kai Kelle, an tsere ma hankaka, kuma uwar tana ƙara yin wasu ƙwai. Sai dai inji na son gwani, in ya lalace kayan gyaransa na nesa. Ɗan da ya tashi a hannun mutum kuma ba ya tsoron kare. A ganina kowane na da ranarsa: inji lokacin da tsuntsayen ke kaɗan, iyaye in garke ya fara kauri.

Wani zai ce, a sayo daga gonakin Afirka ta Kudu mana, ba ya fi araha ba? Waccan wani iri ce dabam. Kun fi kowa sanin abin da baƙon sa ke yi ma garken azawak.

Ga inda kuka shigo. An fara kai ƴaƴan jimina dajin Gadabeji, wajen Dakoro, inda aka kai raƙuman dawa a 2018. Can hanyarku ce. Ƙwai guda da yaro ya ɗauko don a kai kasuwa ko a ɗora kan masallaci, wahalar shekaru ce ta tafi. Saboda haka in kun ga gurbi, ku kewaya da garke nesa. Ku riƙe karnukanku. Ku kashe wuta kafin ku tashi daga zango. In kun ga wata mota na korar tsuntsun, ko an kawo muku man jimina ko gashinta a saya, ku gaya ma ma'aikacin gandun daji mafi kusa, ko likitan bisashe ranar rigakafi, shi zai isar.