RUFE MAKARANTU A LOKACIN KORONA: WA YA ƊAUKI KAYAN?

Wannan ita ce laccar da Akawun Reshe ya yi wa membobi da 'yan kasuwa a taron mako. Mun buga ta duka domin waɗanda ba su sami zuwa ba.



Na gode muku da kuka rufe rumfunanku da wuri kuka zo. Maganar da aka ce in yi yau ita ce ta rufe makarantu da aka yi cikin 2020 saboda cutar korona, da yadda iyaye da malamai suka ƙare. Wani zai ce, Akawu, abin da ya wuce ai ya wuce, don me za ka tono shi? To, ku tuna ko cikin 2014, da cutar Ebola ta shigo Ikko, sai da aka ɗage ranar komawar yara daga hutu. Abin da ya zo sau biyu cikin shekara shida, wa zai rantse ba zai zo na uku ba?

Bari in tuna muku yadda abin ya tafi. Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka sami mutum na fari mai cutar a Ikko. Kafin wata ya zagayo, gwamnonin Arewa maso Yamma suka taru a Kaduna suka ce a rufe makarantu kwana 30, daga ran 23 ga Maris. Gwamnatin Tarayya ita ma ta ba da umurnin a rufe na ƙasa duka. Kwana 30 aka faɗa mana, jama'a. Amma 'yan ajin ƙarshe ba su koma ba sai cikin Agusta, domin jarrabawar WAEC da aka shirya farawa cikin Afrilu, aka fara ta ran 17 ga Agusta. Sauran yara kuwa, yawancinsu sai cikin Oktoba. Watau kusan wata bakwai ke nan yaro bai ga allon aji ba.

Ban zo nan in ce rufewar kuskure ce ba. Cuta ce mai bin numfashi, aji kuwa kun san yadda yake, yara sun cika shi maƙil, wasu bisa benci wasu a ƙasa. Kuma ba mu kaɗai ba ne, gama ƙasashe fiye da 190 sun rufe nasu. Abin da na zo tambaya shi ne, da aka sauke wannan kaya, a kan wa ya faɗa?

Na fari, ya faɗa a kan uwa da uba masu nema yau su ci yau. A Kano an hana fita daga ran 16 ga Afrilu, azumi kuma ya kama bayan kwana kaɗan. Kasuwa a rufe, sai 'yan ranakun da aka keɓe cikin mako don sayen abinci. Yara suna gida tun safe har dare, bakin nan kuwa ba ya hutu don an rufe makaranta. Yaron da ya saba samun abin kalaci a furamare ya dawo kan tukunyar uwarsa.

Sa'an nan aka ce yara su ci gaba da karatu daga gida. Ɗan mai hali aka ba shi kwamfuta, malaminsa yana koya masa ta intanet, janareta yana kuka a bayan gida. Ɗan talaka fa? Waya ɗaya ce a gidan, tana aljihun uban, kuɗin data kuma kuɗin cefane ne. Gaskiya ne jihohi da dama, har da Kano da Kaduna, sun sa darussa a rediyo da telebijin, wannan kuwa abin yabo ne, ba na ƙin faɗa. Amma rediyo ba ya duba littafin yaro, ba ya kuma jin yaro ya ce, Malam ban gane ba. Uwar da ba a ba ta ilmin boko ba, ta yaya za ta gyara wa ɗanta lissafi?

Na biyu, ya faɗa a kan malamai. Malamin gwamnati yana da albashi a rubuce, ko ya yi jinkiri. Malamin makarantar kuɗi kuwa, irin ƙananan nan na cikin unguwa inda yawancinku kuke kai 'ya'yanku, albashinsa daga kuɗin da kuke biya yake fitowa. Ba karatu, ba biya. Ba biya, ba albashi. Na san wani malami a unguwarmu, shi ya koya wa ɗiyata karatu. Wata rana na same shi bakin kasuwa yana dako da baro. Da ya hango ni sai ya juya fuska. Ni ma na yi kamar ban gan shi ba, don kada in ƙara masa kunya. Har yau wannan abu yana damuna, gama kamata ya yi in tsaya. Sai cikin Satumba Gwamnati ta fito da asusun taimakon ƙananan sana'o'i wajen biyan albashi, har da makarantun kuɗi, amma ta intanet ake rajista, ga takardu da ake nema. Da aka buɗe makarantar, malamin nan bai koma ba. Ya ce baro ba ya yi masa alkawarin ƙarshen wata.

Na uku, ya faɗa a kan almajirai. Gwamnonin Arewa suka yanke shawara cikin Afrilu kowace jiha ta mai da almajirai garuruwan iyayensu. Aka riƙa loda yara a motoci ana ƙetare iyaka da su, a lokacin da aka ce kowa ya zauna inda yake. Da aka auna waɗansunsu bayan sun isa, aka tarar suna da cutar.

Na huɗu, shi ne wanda ba a yawan faɗa. Tun kafin korona, Hukumar UNICEF ta ƙiyasta yara kamar miliyan 10 da rabi ba su zuwa makaranta a Nijeriya, galibinsu a Arewa. Da aka buɗe, ba duk wanda ya fita ne ya koma ba. Yaron da ya ɗanɗana kuɗin garuwa ya ƙi aji. Yarinyar da ta ɗauki farantin talla, wata sai labarin ɗaurin aurenta aka ji. Ku duba layinku, kowa ya san gida ɗaya ko biyu.

To, mene ne abin yi? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abu huɗu da nake roƙon wannan reshe.

Ɗaya, kowane layi na kasuwa yana da adashi. A keɓe wani abu kaɗan kowane mako da sunan malaman unguwa. Ran da aka sake rufewa, malami ya tara yara biyar ko shida a zaure ko gindin itace, nesa da juna, kadan likitoci sun yarda, a biya shi daga nan.

Biyu, kada a sayar wa mai ƙosai da tsofaffin littattafan yaro. A ajiye su. Babba ya koya wa ƙarami, ko da shafi ɗaya ne a yini.

Uku, kowane gida ya san tashar da ke ba da darasi da sa'arta, a tanadi batir kamar yadda ake tanadin gishiri.

Huɗu, ran da aka buɗe, mutum biyu daga cikinmu su je wurin hedimasta su tambayi sunayen waɗanda ba su koma ba, su bi su gida gida, da girmamawa, ba da faɗa ba.

Ga Gwamnati kuma, kowace ce ke kan mulki, muna da magana uku. Ta rubuta shirinta tun yanzu, ta karanta mana shi da Hausa a rediyo. Kadan ta hana mutum aikinsa don lafiyar jama'a, ta san abin da zai ci. Kada kuma a sake ɗaukan 'ya'yan talakawa a mota ba a auna su ba. Haraji muke biya, kuɗin rumfa muke biya, muna da ikon tambaya.

Iyakar abin da na zo da shi ke nan. Mai son shiga adashin malamai ya same ni bayan an tashi, littafi yana hannuna. Allah ya kiyaye mu da annoba, ya raya mana zuriya.