Waƙar da Aka Cire: Tsakanin Majigin Zane da Dandamali



Tambayarmu a yau ita ce: waƙar da aka cire daga majigin zane, ina ne mazauninta? Mu ɗauki misalin Beauty and the Beast, wanda kamfanin Disney ya fitar a 1991. Howard Ashman da Alan Menken sun tsara masa wata waƙa, "Human Again", inda barorin fada, waɗanda sihiri ya mayar butar shayi da agogo, suke begen komawa mutane. Aka cire ta, domin ta yi tsawo, ta kuma tsayar da labari. A 1994 aka sa ta cikin wasan dandamali a birnin Nuyok, ta zauna daram. A 2002 kuma aka mayar da ita cikin majigin.

A ganina, wannan mayarwa kuskure ce. A dandamali, mutum ne sanye da siffar agogo. Ɗan kallo yana ganin fuskarsa, sai begen ya ratsa shi. Majigi kuwa gudu yake yi, ba ya jiran kowa. Saboda haka daɗin waƙa kaɗai bai isa hujja ba. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta.