Faifai da Sunansa: Giɓin da Muka Bari a Ajin Kwamfuta

Shugaban taro, 'yan'uwana malamai daga Ikara da Makarfi da Kudan. Ƙorafina tsoho ne, wasunku ma sun gaji da jin sa. Muna yaye ɗaliban kwamfuta da suka haddace sunayen faifai, amma ba su san yadda kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, take jera waɗannan faifai ba. Wannan giɓi yana cinye bayanan jama'a a ofis da makaranta da shagon gyara, kuma mu muka bar shi.

Ba sai na tsaya bayanin Linux ba a gaban irinku. Abin da ya shafe mu shi ne na'urorin ajiya da kanel ke karantawa dunƙule-dunƙule, kowane dunƙule da lambarsa, ta yadda za ta iya tsallakawa ta ɗauko na tsakiya ba tare da ta bi ta na farko ba: had-dis, SSD, filash, da memorin waya. Tun kanel 2.6 da ta fito a Disamban 2003, Linux tana baje tsarin na'urorinta a fili a ƙarƙashin /sys. Tsarin kuwa na asali ne, kowa a rataye jikin abin da ya ɗauke shi. Layin PCI na allon kwamfuta yana ɗauke da mai kula da SATA ko USB, shi kuma yana ɗauke da faifai, faifan yana ɗauke da yankunan da aka yanka shi. Abin da ake gani a /sys/block manuniya ce kawai zuwa ainihin mazaunin faifan a /sys/devices. Ɗalibin da ya bi manuniyar nan sau ɗaya zai ga ta wace kafa faifai ya shigo, ya ga girmansa da aka ƙirga da dunƙule mai bayit 512, ya ga ko mai juyawa ne ko SSD.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Sunan sda da muke sa yara su haddace ba sunan yanka ba ne. Kanel tana ba faifai lambobi biyu, babba da ƙarama. Faifan da ta fara gani ya zama sda, lambarsa 8:0, yankinsa na farko 8:1. Na biyu ya zama sdb, 8:16, domin kowane faifai an ware masa gurbi 16. Ku lura da kalmar "fara gani". Kamar lambar layi ce a asibiti: wanda ya yi sammako shi ne na ɗaya yau, gobe idan ya makara wani ne na ɗaya, alhali lambar katinsa ba ta canja ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, had-dis na SATA da filash na USB duk ta ɓangaren SCSI na kanel suke shigowa, saboda haka layinsu ɗaya, haruffansu ɗaya. Kanel kuma ba ta jiran wani ya gama shiri kafin ta duba wani. Tsohon faifai mai nauyin tashi yana iya rasa gurbinsa ga filash da aka manta a jiki.

To ku ɗora wannan a kan halin da muke ciki. A Hunkuyi ko Ikara kwamfutar ofis tana mutuwa ta tashi duk lokacin da aka ɗauke wuta ko aka koma kan janareta, kuma kowane tashi sabon rabon suna ne. Ma'aikacin da ya rubuta a fayil ɗin fstab cewa ajiyar bayanansa tana sdb1 ya dogara ne da sa'a. Mai gyara da zai zuba manhaja a filash da umarnin dd, ya rubuta sdb domin jiya haka sunan yake, yana iya shafe faifan da ke ɗauke da sakamakon jarrabawar makaranta sukutum, domin dd ba ya tambaya, ba ya gargaɗi. Idan haka ta faru sai a ce bairos ne, ko a ce faifan jabu ne, a kwashi kwamfuta a nufi Zariya. Faifan lafiyarsa ƙalau. Ilimin da aka hana yaron ne ya yi ɓarnar.

Maganin kuma ya fi shekara ashirin a hannunmu. Manhajar udev, wadda Greg Kroah-Hartman ya fara a 2003, tana karanta wancan tsari na /sys ta ƙirƙiri sunaye masu ɗorewa a /dev/disk. Na by-uuid yana bin lambar da aka rubuta a cikin yankin ranar da aka yi masa fomat. Na by-id yana bin samfurin faifan da lambar kamfaninsa. Na by-path yana bin kafar da aka soka shi. Tambayoyi uku ne daban: wane bayani, wane ƙarfe, wace kafa. Wanda bai fahimci tsarin ba ba zai san wacce zai yi ba. Misali, cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta sukan kwafi faifai ɗaya a zuba wa kwamfutoci da yawa, kuma kwafi yana tafiya da lambar UUID ɗinsa. Idan aka haɗa biyu daga cikinsu a kwamfuta ɗaya, by-uuid ba zai raba gardama ba, sai by-id.

Wasu abokan aiki suna cewa ofisoshinmu Windows suke amfani da ita, me ya kawo wannan? Harafin E: da F: na Windows ma suna canjawa da abin da aka soka, kuma wayar Android da ke aljihun kowane ɗalibi kanel ɗin Linux ce ke tafiyar da ita. Masu cewa abin ya fi ƙarfin yaranmu kuwa, ban ga hujjarsu ba. Yaron da ke riƙe lissafin lodin rake a kasuwar Makarfi ba lambobi biyu ne za su gagare shi ba. Batun rashin kayan aiki ma ba ya tasowa, domin tsohuwar kwamfuta ɗaya da filash biyu sun isa ajin.

Abin da nake nema bai da yawa. A sa darasin tsarin na'urori kafin darasin fomat da yanka faifai, domin yanzu mun juya su. Kowane ɗalibi ya tayar da kwamfuta da filash a jiki, ya sake tayar da ita babu shi, ya duba da umarnin lsblk da blkid, ya rubuta abin da ya canja da abin da bai canja ba. A jarrabawar aiki da hannu, wanda ya rubuta sdb a fstab a rage masa maki. Makarfi gari ne da aka san shi da horar da ma'aikatan lafiya, kuma bayanan marasa lafiya suna komawa kan kwamfuta, saboda haka masu koyon adana su ma a ba su wannan darasi, ko da na mako biyu ne. Ina roƙon shugabannin sassa da ke zauren nan su sa shi a jadawalin zango mai zuwa.