"At all" da yadda muke faɗinta

Idan Bature zai jaddada magana yakan ce "at all", kamar yadda muke cewa sam ko ko kaɗan. Yawanci a ƙarshen jimla take zama, bayan an kore zance: "I don't know him at all", wato ban san shi ba sam. A nan Najeriya kuwa mun yanke "not" daga "not at all". Tambayi ɗan kasuwar Kantin Kwari ko ana ciniki, sai ya kaɗa kai ya ce "at all!", har ma ya maimaita. Ni dai tana min daɗi a kunne. Amma ɗalibin da zai zana jarrabawar WAEC ya rubuta "not at all" cikakkiya, in ba haka ba mai maki zai ja masa jan biro.