Amsar Wasiƙa: A Ɓoye Wa Yaro Maganinsa A Cikin Koko?

Wasiƙarmu ta farko a yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a Funtuwa. Ya ce ɗansa mai shekara 7 ba ya iya zama wuri ɗaya, malamai sun yi bulala har sun gaji. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce larurar kasa tsai da hankali ce, wadda ake kira ADHD, ya rubuta masa ƙwayar Ritalin. Uwar yaron ta ce a riƙa daka ta a zuba a koko don kada ya sani. Yana tambaya ko hakan ya dace.

Malam, bai dace ba. Ran da ya gano, kokon ma zai daina sha, maganarka kuma ya daina yarda da ita. Ban da haka, akwai irin wadda aka yi don ta riƙa narkewa a hankali, ba a daka ta sam.

Ka zaunar da shi lokacin da ba faɗa ake yi ba. Ka ce masa: "Ɗana, kanka kamar rediyo ne mai kamo tasha uku lokaci guda. Wannan ƙwaya tana taimaka maka ka tsaya a tasha ɗaya, ka ji malam sosai." Yara na gane wannan fiye da dogon bayani. Kada ka kira ta maganin rashin ji, balle maganin taɓuwa. Na koyar a firamare, na san suna irin wannan ba ya barin yaro, har abokansa su ɗauka. Kada kuma ka ce alewa ce, don ƙannensa za su nema. A ɗaga ta sama, nesa da hannunsu.

Sannan ka ba shi nasa aikin: ya riƙa gaya maka yadda yake ji. Maganin yakan rage cin abinci, wani lokaci ya hana barci ko ya kawo ciwon kai, shi ya sa aka fi bayarwa da safe. Ya karya kumallo sosai tukuna. Duk abin da ya faɗa ka kai wa likita, wanda zai riƙa auna nauyinsa da tsayinsa da hawan jini. Kada ka ƙara ko ka rage da kanka.

Masu saurare, ba kowane yaro mai ƙiriniya ke da wannan larura ba, ba kuma a sayen ƙwayar a hannun 'yan talla. Mai shakka ya je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato.

To, sai wasiƙa ta biyu.