Wanda Jikinsa Ya Ƙi Waken Suya, Kuma Babu Nama A Tukunya: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Wata

 

An ce in yi magana a kan waken suya, tun da sana'ata ke nan, awon hatsi da wake. To ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne, saboda haka zan tsaya a kan abin da ake aunawa a mudu da abin da ake zubawa a tukunya. Maganar allura da gwaji kuwa zan nuna muku ƙofar masu ita.

Kowa ya san yadda nama ya yi mana nisa. Kasuwar Monday ta ƙone a Fabrairun 2023, aka cire tallafin man fetur a shekarar, sannan madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya cinye gari. Gidaje da yawa sai a yi wata ba a ga tsoka a miya ba. Abin da ya rufa asiri shi ne awara. Kuma ta cancanta, domin in ka kasa waken suya kashi 100, kusan kashi 36 zuwa 40 sinadarin gina jiki ne, wanda likitoci ke kira furotin, alhali farin wakenmu bai wuce kashi 23 zuwa 25 ba. Asalinsa daga ƙasar Sin yake. A Nijeriya mutanen Binuwai ne suka daɗe da nomansa, mu nan Borno kuwa ya yaɗu a wajen Biu da Hawul da Kwaya Kusar bayan shirin PROSAB na cibiyar IITA, tsakanin 2004 da 2009. Kada kuma sunan ya ruɗe ku, ba shi da dangantaka da tsire.

To amma akwai wanda jikinsa ba ya karɓarsa sam. Yaro ya ci awara, kafin awa ɗaya ko biyu ka ga borin jini ya feso masa, yana ta susa, leɓe ya kumbura, ko ya kama amai da gudawa. Mu kan ce shawara ce, ko iska, ko an yi masa baki. Wani lokacin ba ko ɗaya, jiki ne ya ɗauki furotin ɗin waken a matsayin abokin gaba yana yaƙarsa. Turawa na kiran abin alaji. Ya fi kama ƙananan yara, kuma da yawansu yakan sake su kafin su kai shekara goma, amma akwai wanda ke girma da shi.

Iyaye mata, ku saurari wannan da kyau. In ƙaiƙayi ne da ƙuraje kaɗai, maganin borin jini irin su Piriton yakan kwantar da shi, a kuma kai shi asibiti a duba. Amma in kun ga harshe ko maƙogwaro ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi na fita da ƙyar, ko yaro ya yi laƙwas, to babu zancen jiƙo ko man ja ko jiran mai gida ya dawo. A tare Keke Napep a nufi asibiti mafi kusa, ko na Ƙwararru, ko na Umaru Shehu, ko na Koyarwa. Allurar adiranalin ce maganinsa, kuma mintoci ake ƙirgawa.

Wahalar abin ita ce waken suya ya shiga wuraren da ba a zato. Awara da madararsa kowa ya gane su. Amma daddawa fa? Da can ta kalwa muka sani, yanzu da kalwa ta yi tsada, da yawan wadda ke kan tire ta waken suya ce, ko gauraye. Sai ka tambayi mai ita, kuma ka sayi wajen wadda ka amince da maganarta. Garin kunun yara da ake kira Tom Brown, waken suya na cikin ginshiƙansa. Garin tallafi da aka riƙa rabawa a sansanonin 'yan gudun hijira, masara ce da waken suya. Wasu dunƙulen ɗanɗanon miya, da biskit, da cakulan, da garin kokon yara na kwali, duk akan same shi. A duba bayan leda, in an ga soya ko soy to a ajiye. Wanda bai yi boko ba ya ba ɗan makaranta ya karanta masa, ba abin kunya ba ne.

Sai wurare biyu da ba su da takarda. Na farko injin markaɗe. Mai awara ta kai nata da asuba, ke kuma kin bi bayanta da waken ƙosai, ragowar nata ya shiga naki. Ki roƙi mai inji ya wanke sosai, ko ki zama ta farko bayan wanki, ko ki koma ga turmi da dutsen niƙa. Na biyu kaskon suya. Mai tuya a bakin titi a mai ɗaya take jefa awara da doya da dankali. Man waken suya na kamfani da aka tace sosai, yawancin masu wannan larura ba ya damunsu, domin an cire furotin ɗin. Man da aka toya awara a ciki kuwa wata magana ce daban.

To in an cire awara, babu nama, me ya rage? Abin da kakanninmu suka rayu a kai kafin waken suya ya zo. Farin wake da ja, a yi alale, ƙosai, ɗanwake, fate, ko garau-garau. Gurjiya, wadda muka mai da abin marmari alhali abinci ce sosai. Gyaɗa da ƙuliƙuli, riɗi, agushi. Daddawar kalwa ta gaskiya, da daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa. Hikimar ita ce haɗa hatsi da wake a yini ɗaya, domin abin da gero ko shinkafa suka gaza da shi na gina jiki wake ke cikawa, abin da wake ya gaza kuma hatsi ya cika. Burabiskon masu masaukinmu da miyar wake ya wadatar. Kwaɗon zogale da ƙuliƙuli da tumatir, a matsa lemun tsami, yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarin jini. Shayi kuwa yana tare shi, saboda haka 'yan majalisar shayi a ɗan jinkirta kofi bayan cin abinci.

Wani zai ce ai gyaɗa da wake dangin waken suya ne. Haka ne, amma yawancin masu larurar suna cin sauran wake lafiya lau. Wanda ya saba ci bai ga komai ba, ya ci gaba. Wanda bai taɓa cin gyaɗa ba, musamman yaron da ya taɓa shaƙewa, kada a gwada a gida, a bari likita ya faɗa.

Saura abu ɗaya da tsiro ba ya bayarwa, wato bitamin B12. A nama da kifi da ƙwai da nono ake samunsa. Akwai mutane a Turai da Amurka da suka bar duk abin da ya fito daga dabba da gangan, har madara da ƙwai, kuma na ji wasu 'ya'yanmu na jami'a sun fara sha'awar haka. Su waɗancan ƙwayar B12 suke sha a kai a kai, wanda zai bi su sai ya bi su har nan. Hanta tana ajiye shi na shekaru, shi ya sa rashinsa ba ya nunawa da wuri, sai daga baya a ga kasala, ƙarancin jini, da jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa. Mace mai ciki ko mai shayarwa ita ta fi shiga haɗari, ita da jaririnta. Mu da rashi ne ya raba mu da nama, sauƙinmu na kusa: ɗan gutsuren banda daga kasuwar hanyar Baga a daka a miya, ko ludayin kindirmo a fura, ko ƙwai in an samu.

A ƙarshe, a sanar da malamin makaranta da maƙwabta da dangin da yaro ke zuwa wajensu, kada wata ta miƙa masa awara don ƙauna. Masu ɗaukar abinci zuwa gidan suna ko biki su ma su riƙa tambaya. Mai tambaya a kan bambance kalwa da waken suya a daddawa ya same ni bayan an tashi, na zo da samfurin kowanne.